Ɗalibin fiziks, ga yadda zaka shiga binciken nukiliya tun kana digiri

Abu na farko, manta da REU, wato shirin bincike na ɗaliban digiri a Amurka, irin na Jami'ar Notre Dame, sati 10 ne kuma ana biya, amma kuɗin daga NSF yake, hukumar tallafa wa kimiyya ta Amurka, kuma na ɗan Amurka ne ko mai katin zaman dindindin a can. Kar ka ɓata datarka.

Ka fara da gida. A CERT, cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya, akwai riyakta na bincike, wato injin nukiliya, mai suna NIRR-1, tun 2004 yake aiki, ana harba niyutron, ƙananan ƙwayoyin cikin atom, kan samfurin ƙasa ko hatsi sai a auna hasken gamma, wani haske da ido ba ya gani, da ke fita a gane sinadaran ciki. Lokacin SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, ka nemi can, ka je da takardar sashenku da wuri, in an ɗauke ka dan Allah ka liƙe wa masu kula da na'ura, wallahi wajensu ake koyo.

Sannan CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai a Janeba, suna ɗaukar ɗalibai sati 8 zuwa 13 lokacin bazarar Turai, har daga ƙasashen da ba mambobi ba. Ana rufe karɓar takardun nema wajen ƙarshen Janairu, sai kayi shekara 3 a jami'a. Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, yanzu, ka roƙi malaminka wasiƙar shaida tun Disamba, malamai sai da tuni.