Darasi na 9: Na'urar Gano Kifi Tana Korar Kifi?

A kasuwar kifi ta Galadima da ke Sabon Gari a Kano, an jima ana gardama a kan wata na'ura da ake ɗaurawa a jikin kwalekwale. Wasu masunta sun ce tana nuna inda kifi yake. Wasu kuma sun ce ƙararta ce ke tarwatsa shi. Gardamar ta shafi abincin mutane, don haka ya kamata mu fahimce ta.

Ga yadda take aiki. Tana aika sauti cikin ruwa. Sautin ya bugi ƙasa, ko dutse, ko jikin kifi, ya dawo. Sai na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka, ta zana hoto a fuskarta. A cikin ruwa sauti na tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, ya ninka saurinsa a iska fiye da sau huɗu.

To, kifi yana jin wannan sauti? Kowane sauti girgiza ne. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Yawancin kifaye, har da karfasa, sauti mai kauri suke ji, wanda bai wuce girgiza 1,000 ba ko kusa da haka. Tarwaɗa ta fi su kunne, amma ita ma jinta a 'yan dubbai yake tsayawa. Na'urar kuwa tana yin girgiza 50,000 ko 200,000. Ta yi wa kunnensu nisa ƙwarai. Akwai dai wani kifi a Amurka mai suna shad da ke jin irin wannan siririn sauti, amma ba shi ake kamawa a dam ɗin Tiga ko na Challawa ba.

Abin da ke korar kifi, masunta sun riga kowa saninsa. Ai da gangan ake dukan ruwa da sanda don a koro kifi cikin koma. Wannan dukan sauti ne mai kauri, irin wanda kifi ke ji sarai, har ma da layin da ke gefen jikinsa, wanda ke jin motsin ruwa. Haka rurin inji yake, haka buga filafili a jikin kwalekwale, ko jefar da bokiti a ciki. A ruwa marar zurfi ma, inuwar kwalekwale kaɗai ta isa. Sau da yawa mutum zai kunna na'ura inji na ruri, kifi ya watse, a ɗora wa na'ura laifi.

Idan kun kusa wurin da kifi yake, ku kashe inji, ku ƙarasa da filafili a hankali, na'urar tana kunne.

Aikin gida: ku rubuta 1,000 da 50,000 da 200,000 da kalmomi. Sannan ku tambayi wani masunci ko mai sayar da kifi a unguwarku abin da ya sani yana korar kifi, ku rubuta amsarsa a jimla biyu.