Yadda Ake Haɗa Teburin Rauta a Gefen Injin Zarto

Duk kafintan da shagonsa ba shi da faɗi ya san cewa injin zarto mai tebur shi ne ke cinye rabin fili, don haka babu dalilin ya sake kafa wa rauta, wato injin da ke sassaƙa katako da baki mai juyawa, tebur dabam alhali akwai wurin da ba a amfani da shi tsakanin dogayen ƙarafan da shingen zarto, wanda ake jingina katako a jikinsa yayin tsagawa, yake gudu a kansu. Aikin kansa ba shi da wuya, amma yawancin waɗanda na ga sun gwada shi a wuri ɗaya suke faɗuwa, wato daidaita saman sabon allon da saman zarton. Idan wannan ya kuskure, an ɓata rauta kuma an ɓata zarton da yake aiki lafiya tun farko.

Mataki na farko shi ne zaɓen gefe. Ni a gefen dama nake sa shi, domin can ne ƙarafan suka fi tsawo, amma kafin ka kwance komai ka karkata bakin zarton zuwa digiri 45, ka duba inda motarsa take leƙowa, saboda a wasu injinan murfin motar yana cin wurin da rautar za ta rataya. Bayan haka ka kwance fiffiken ƙarfen da ke wurin, ka adana kusoshinsa, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen gaba da na baya. A manyan injina masu saman ƙarfen zubi tazarar yawanci inci 27 ce, wato kimanin milimita 686, sai dai ka auna naka da hannunka, a kusa da zarton da kuma can ƙarshe, domin ƙarafan ba kullum suke tafiya daidai da juna ba.

Na biyu shi ne allon. Ka haɗa falle biyu na MDF (allon garin katako da aka matse) mai kaurin milimita 18 da gam, ka danne su a kan wuri mai santsi su kwana, sannan ka manna musu fomika sama da ƙasa. Na san fomikar ƙasa tana kama da asarar kuɗi tunda ba wanda zai gan ta, amma allon da aka rufe wa fuska ɗaya yana shan laima ta ɗaya fuskar, kuma damina ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi. A ƙarƙashinsa ka yi firam na katako mai ƙarfi, ka sa ginshiƙai biyu na tsakiya kusa da inda ramin faranti zai kasance. Rauta babba tana kai kilo biyar zuwa shida, kuma rataye take dare da rana.

Na uku shi ne ramin farantin da rautar za ta maƙale a jikinsa. Ka sayi farantin kafin ka yanke komai. Girman da aka fi samu shi ne inci 9¼ da 11¾, kuma na alminiyam ya fi na roba, domin na roba yana lotsawa da daɗewa. Ka ɗora shi inda kake so, ka kewaye shi da miƙaƙƙun katakai huɗu da ka manna da tef mai manne fuska biyu, ka ɗauke farantin, sannan ka bi cikin katakan da bakin rauta mai boris a sama, wanda faɗinsa ya dace da lanƙwasar kusurwar farantin. Zurfin matakin da farantin zai zauna a kai ya ɗara kaurin farantin da kamar rabin milimita, domin a ɗago shi da ƙananan sukurori daga ƙasa har ya zo daidai. Farantin da ya nutse kaɗan ana ɗago shi, amma wanda ya fito sama ba shi da magani sai an sake sassaƙa ramin. Ka bar matakin milimita 12 a kewaye, ka yanke tsakiyar ka yar.

Yanzu sai matakin da ya sa na rubuta wannan bayani. A karo na farko da na yi wannan aiki na huda ramukan kusoshin da ke haɗa allon da zarton daidai da kaurinsu, na ɗaure su tamau, na shafa mahaɗar da yatsa na ji kamar ta yi. Ashe bakin allon na waje ya sauka, kuma ban sa masa ƙafa ba. Bayan 'yan watanni sai na lura cewa duk falle mai faɗi da na tsaga yana fitowa da baki a karkace, shingen kuma yana cijewa duk lokacin da ya zo ƙetare mahaɗar. Na ɓata kwanaki ina zargin bakin zarton kafin na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na ga haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa.

Abin da ya kamata a yi shi ne a huda ramukan su fi kusoshin faɗi, misali ramin milimita 10 ga kusa mai milimita 8, tare da manyan washa, domin allon ya samu damar motsawa sama da ƙasa. Ka ɗora miƙaƙƙun ƙarafa biyu a saman zarton, ɗaya gaba ɗaya baya, su zarce zuwa inda allon zai zauna, ka matse su da kilam, sannan ka ɗago allon daga ƙasa ka matse shi a jikinsu. Ta haka nauyin allon yana rataye a daidai matsayinsa kafin kusa ko ɗaya ta kama. Ka fara ɗaure ta tsakiya, sannan na gefe, kaɗan-kaɗan, kana duba mahaɗar bayan kowane juyi. Idan ka saki kilam ka ga bakin waje ya sauka, ka manna tef na takarda a jikin mahaɗar ƙasa da kusoshin, idan kuwa ya ɗaga sai ka manna shi sama da su. Falle ɗaya ko biyu yakan isa. Ba na yarda da shaidar yatsa a nan, gwajin da nake yi shi ne in tura ɗan katako mai kaifin baki ya ƙetare mahaɗar daga zarto zuwa allo, kuma muddin ya yi tuntuɓe to allon ya yi sama. Gara ya yi ƙasa da kaurin takarda ɗaya da ya yi sama da rabin haka. Sai bayan wannan za ka ɗaure firam ɗin a jikin ƙarfen gaba da na baya, ka sa ƙafafu biyu masu sukurun daidaitawa a ƙarshe, ka rataya rautar, ka sake gwajin gaba ɗaya domin nauyinta yana canza lissafi.

Shingen zarto zai yi wa rautar aiki ta bayansa, amma kada bakin rauta ya kusanci ƙarfensa. Ka yi masa akwatin katako mai tsaga a tsakiya inda bakin zai shige, da rami a baya na bututun ƙura. Shingen da a gaba kawai yake kullewa sai ka ƙara masa kilam a baya.

Abu biyu suka rage. Rautar da aka kifa tana juyawa saɓanin hannun agogo idan an dube ta daga sama, don haka idan ka tsaya a ƙarshen allon kana fuskantar shinge, daga dama zuwa hagu za ka tura katako. A gefen dama na injin wannan yana nufin daga bayan zarton zuwa gabansa, akasin abin da hannunka ya saba, kuma wanda ya bi sabo zai ga bakin ya fizge katakon daga hannunsa. Kada kuma ka taɓa tura katako tsakanin baki da shinge. Sannan ka sa makunni a waje inda gwiwa za ta kai, irin wanda ba ya komawa aiki da kansa idan wuta ta ɗauke ta dawo, kuma duk lokacin da za ka koma tsaga da zarto ka sauke bakin rautar ƙasa da faranti ka zare fulogin.