Darasi na 9: Kai da jakarka a gaban kwastam na filin jirgi

Wannan darasin na duk wanda zai hau jirgi ya ƙetare ƙasa ne, ko maniyyaci mai shirin Makka, ko ɗan kasuwa mai zuwa saro kaya Dubai ko Caina, ko uwa da za ta je wa 'yarta zaman jego a Ingila. A karanta a hankali, inda kalma ta yi tsauri malamin aji zai maimaita, ba sauri muke ba.

Su waye masu kakin nan?

In ka shiga filin jirgin Malam Aminu Kano, ko na Abuja ko na Legas, za ka ga ma'aikata kala-kala kuma mutane duk kwastam suke ce musu, alhali kowa da aikinsa. 'Yan shige da fice kai kanka suke dubawa, fasfo da biza, su buga maka hatimi. 'Yan NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ƙwaya suke nema. Ma'aikatan lafiya za su tambaye ka katin rigakafin zazzaɓin shawara, yalon katin nan. Akwai kuma masu duba kayan gona da na dabbobi. Su kuwa kwastam ruwansu da abu biyu, kayan da ka ɗauko da kuɗin da ke jikinka, ko fita za ka yi ko dawowa. Can ƙasar da za ka sauka ma nasu kwastam ɗin na jiran ka, da dokarsu daban da tamu.

Jakar da ke da sunanka, taka ce

A nan za mu daɗe, domin nan ne rayuwar mutane take salwanta. Idan aka ɗora jakarka a sikeli, ma'aikacin kamfanin jirgi zai liƙa mata doguwar takarda mai lamba da sunanka, sannan ya yago ƙaramar ya manna maka a bayan tikiti ko fasfo. Daga wannan lokacin duk abin da aka samu a cikin jakar nan kai ne mai shi a idon doka, ba wanda zai saurari "wallahi saƙo aka ba ni".

Toh mu kuma ga mu da kunya. Ana jin za ka tafi sai maƙota da dangi su fara sallama, wannan ya kawo ƙunshi a kai wa ɗansa a Jidda, waccan ta kawo kwali an naɗe shi da salatif tam wai yaji ne da kuka. Ƙin karɓa sai a ce ka yi girman kai. Ni dai shawarata ɗaya ce kuma ba na sassautawa a kanta, duk saƙon da ba a buɗe shi a gabanka ka gani da idonka ba, kar ka ɗauka, ko na wa ne. Ka ce "Yaya, mu kwance mu gani, haka dokar jirgi ta ce." Mai gaskiya da kansa zai kwance. Wanda ya fara fushi yana cewa ba ka yarda da shi ba, to ka miƙa masa kayansa cikin mutunci. A cikin filin jirgin kuwa ba a karɓar komai daga hannun wanda ba ka sani ba, ko da tsohuwa ce ta ce kayanta sun yi nauyi ka taimaka a sa jaka ɗaya da sunanka. Tausayinta za ka ji, na sani, amma ka ba ta haƙuri.

Wani lokacin ma ba ka karɓi komai ba. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Saudiyya, ta je umara tare da 'yan gidansu ta filin jirgin Kano, aka ce an samu tiramadol a wata jaka mai sunanta. Ashe jakar ba tata ba ce, binciken NDLEA ya gano wasu ne a filin jirgin suka liƙa sunanta a jakar da ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Shi ya sa nake roƙon ku, kar ku bar gaban kantar kamfanin jirgi sai kun ƙirga ƙananan takardun da aka ba ku. Jaka biyu ka bayar, ƙananan takardu biyu za a ba ka, in ka ga uku ka tsaya nan take ka tambaya da babbar murya. Ka ɗauki hoton jakunkunanka da waya suna kan sikeli, ka sa kwaɗo, ka adana ƙananan takardun nan har ka dawo gida. Can in kun sauka kuma, jakar da ba taka ba kar ka taɓa ta ko da sunanka ne a jiki, ka kira ma'aikaci ka nuna masa.

Goro da magani

Goro a wajenmu abin girmamawa ne amma Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba, kuma duk shekara hukumar alhazai sai ta yi gargaɗi, duk shekara kuma sai an samu mai cusa shi cikin garin kunu ko a ɗinke a filo. Na'urar haska kaya tana ganin cikin jaka ba sai an buɗe ba. Dan Allah Baba a haƙura da goron nan na 'yan makonni.

Magani kuma, mai hawan jini ko ciwon suga ba wanda ya hana shi tafiya da maganinsa. A bar shi cikin kwalinsa na asali mai rubutu, a riƙe takardar likita, a ɗauki daidai na kwanakin tafiya, kar a juye ƙwayoyi daban-daban a leda ɗaya don rage kaya. Masu haɗarin su ne irin su tiramadol da kodin da magungunan sa barci, waɗannan ko likita ne ya rubuta maka, ƙasashe irin su Daular Larabawa suna so ka nemi izini tun kafin ka taso. Garin maganin gargajiya a ƙulle a leda ba suna ba komai shi ma yana iya sa a tsare ka awanni ana gwaji.

Maganar kuɗi

Mutane da yawa sun ɗauka haramun ne fita da kuɗi masu yawa, shi ya sa suke ɓoyewa a safa ko a lalita. Dokar ba haka ta ce ba. Abin da dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce shi ne, in kuɗin da ke hannunka sun haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a wani kuɗin, dole ka bayyana wa kwastam a rubuce, ko fita za ka yi ko shigowa. Akwai fom da ake cikewa, sunanka, lambar fasfo, nawa ne, daga ina suka fito, me za ka yi da su. Bayyanawa ba ta sa a cire maka ko sisi. Ɓoyewa ce ke sa kotu ta ƙwace kuɗin da ba a bayyana ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. Ka duba fa, mutum ya tara jarinsa na halak shekara da shekaru a Kantin Kwari, ya je Wapa ya yi canji, sannan ya rasa shi saboda takarda guda da bai cike ba. Abin yana min ciwo.

Kuma ana haɗa lissafin ne gaba ɗaya, dala da riyal da fam duk a tara. In ka yi canji ka karɓi rasit ka ajiye, shi ne shaidarka. In kuɗin jama'a ne aka tara maka na sari, ka faɗi haka, ka riƙe takardar sunaye da abin da kowa ya bayar.

Can inda za ka sauka ma akwai nasu adadin. Amurka dala 10,000, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000, Birtaniya fam 10,000, Dubai dirhami 60,000, Caina kuwa da ka haura dala 5,000 sai ka bayyana. Saudiyya ta daɗe a kan riyal 60,000 kuma su har zinare da gwala-gwalai suke sawa a lissafin, Hajiya a kula da wannan. Ƙasashe sukan sauya adadin, don haka ana saura kwanaki a tashi a tambayi jami'in alhazai ko kamfanin jirgi nawa ne yanzu.

Koriyar ƙofa da jar ƙofa

Bayan ka ɗauki jakarka a ƙasar da ka sauka, a yawancin filayen jirgi za ka ga hanya ta rabu biyu. Ko ba ka iya karanta allon ba, launin ya ishe ka. Kore na wanda ba shi da abin bayyanawa ne, ja na mai abin bayyanawa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, bin koriyar hanya kamar ka buɗe baki ne ka ce "ba ni da komai", in suka tsayar da kai suka samu wani abu, ƙarya ka yi wa hukuma ko da ba ka furta kalma ba. In kana kokwanto bi ja ka tambaya, iyakaci su ce wuce.

A karanta wannan hirar bibbiyu, ɗaya ya zama jami'i ɗaya matafiyiya.

Jami'i: Hajiya sannu da hanya. Ke kika shirya jakar nan da kanki?
Hajiya: Ni na shirya ta, ranka ya daɗe.
Jami'i: Akwai saƙon wani a ciki?
Hajiya: Akwai na ƙanwata, atamfa biyu ne da turare, a gabana aka naɗe su. Ga su nan.
Jami'i: Kuɗi fa, nawa ne a hannunki?
Hajiya: Dala 12,000 ne na sari, ga rasit ɗin canji. A taimaka min da fom ɗin, karatuna bai yi nisa ba.
Jami'i: Ba damuwa Hajiya, zauna nan mu cike tare.

Kun ga ba ta ji kunyar cewa a taimaka mata ba. Abu ɗaya dai, kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba.

Abinci da tsaraba

Masu zuwa Turai da Amurka, kilishi da dambun nama da man shanu ku ci abinku a gida. Birtaniya da Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, saboda cututtukan dabbobi. Amurka kuma duk abincin da ka ɗauko sai ka faɗa, ko kuka ce ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa, su duba su ce wannan ya wuce wannan a zubar. In ka faɗa aka zubar shikenan, in ka ɓoye karensu ya shinshino, tara ce. Hauren giwa da ɓawon dankunya da fatar wasu namun daji, da kayan tarihi irin gumakan Nok, waɗannan fita da su babban laifi ne tun daga nan gida.

Zamzam kuma kar a cusa shi cikin akwati, galan mai lita 5 a rufe shi aka amince wa alhaji kuma daban ake ɗauko shi.

Ranar dawowa

Kayan jikinka da ka yi amfani da su ba a biyan musu komai. Sabbin kaya su ne ake dubawa. Tun watan Satumban 2025 kwastam ta Najeriya ta yafe kuɗin fito a kan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, banda kayan da aka haramta shigo da su. Abin da ya haura haka, musamman in an ga na sayarwa ne, waya goma iri ɗaya ko abaya dozin biyar, za a kimanta a yanka maka kuɗin fito. Nan rasit ɗin sayayya yake amfani, in babu shi jami'i ne zai sa wa kayan farashi da kansa kuma ba lallai ya yi maka daɗi ba. Kuɗin fito na gwamnati ne, ta banki ake biya a ba ka rasit. In wani ya ja ka gefe ya ce kawo wani abu ka wuce, ka ce masa cikin ladabi "Yallaɓai a rubuta min, zan biya a banki", in abin ya ƙi ka nemi ganin babban jami'in da ke kan aiki. Jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto, da rediyon oba-oba, da kaki irin na soja, kar ka sayo su tsaraba, sai da izini na musamman ake shigo da su.

Aikin aji

Dala 1 riyal 3.75 ce, wato dala 1,000 riyal 3,750. Wani Alhaji zai tashi daga Kano da dala 7,000 da riyal 15,000. A mayar da riyal ɗin dala a haɗa, sannan a faɗa ko sai ya cike fom ɗin kwastam. Wata Hajiya kuma dala 6,000 ce da ita da riyal 7,500, ita fa?

Bayan haka kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta cikakken sunansa da manyan baƙaƙe kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa ko fasfo, sau uku, har idonsa ya saba da shi, don ya iya gane shi a jikin takardar jaka. Mako mai zuwa kowa ya zo da biro baƙi ko shuɗi, za mu gwada cike fom ɗin bayyana kuɗi layi bayan layi.