Baƙo a Garwa: abin da dokar Kamaru ta ba ka, da abin da take nema a hannunka

Tambayar da sababbin zuwa suka fi yi mana a nan Garwa ita ce: "Ni da ba ɗan ƙasa ba, ina da bakin magana kuwa in jandarma ya tare ni?" (Jandarma soja ne mai aikin 'yan sanda.) Kana da shi, ɗan'uwa. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 18 ga Janairun 1996 ya jero haƙƙoƙin ɗan Adam a gabatarwarsa, sashe na 65 kuma ya ce gabatarwar nan tana cikin jikin kundin. A can aka rubuta cewa ba a kama mutum ko a tsare shi sai yadda doka ta tsara, ba a bincike gidansa sai bisa doka, ba a azabtar da shi, kuma wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Wannan na duk wanda ke cikin ƙasar ne, baƙo da ɗan gari. Abin da aka keɓe wa 'yan ƙasa shi ne zaɓe da takara.

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ya saba kowace jiha da majalisarta da dokokinta, ga kotun shari'ar Musulunci, ga Hisba. Nan ba haka abin yake ba. Kamaru dunƙulalliyar ƙasa ce mai yankuna goma, dokar laifuka ɗaya ce daga Kusiri har Duwala, kuma gwamna da perefe da sufurefe (masu mulkin gunduma da ƙaramar gunduma) duk shugaban ƙasa ke naɗa su. Gwamnati ba ta bin wani addini, amma ta amince kowa ya yi nasa. Sallarka da azuminka ba mai hana ka.

Sai dai duk haƙƙin nan, a hannun baƙo, takarda ce ke riƙe da shi. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin CEMAC ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, tare da su Chadi da Gabon, don haka kada ka ɗauka zirga-zirgar da ka saba yi a Afirka ta Yamma ita ce a nan. Ɗan Najeriya mai fasfo yana shiga ba biza har kwana 90. In zaman zai wuce wata uku, dokar baƙi ta 10 ga Janairun 1997 ta wajabta masa katin zama, wanda ake kira kart de sejur. Hukumar 'yan sanda ke bayar da shi, yana aiki shekara biyu, sannan a sabunta. Kuɗinsa yana da nauyi, ba na musu, amma wanda ba shi da shi kullum cikin biyan na goro yake a shingen hanya, kuma na goron nan ba ya ƙarewa. Ranar da ka ajiye takardunka za a ba ka rasit. Riƙe shi kamar katin kansa har ya fito.

Akwai wata jarabawa da ta fi kama mu Hausawa. Da yake akwai Hausawa 'yan asalin Kamaru kaka da kakanni a Garwa da Marwa da Ngaundare, fuska ɗaya harshe ɗaya, wani zai zo ya raɗa maka cewa zai samo maka takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa ta bayan fage. Don Allah kada ka yarda. Rashin katin zama matsala ce mai magani. Takardar jabu kuwa laifi ne na kurkuku, kuma tana iya shafar 'ya'yanka da za a rubuta a kanta. Ga shi dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba.

Yanzu batun kamu, wanda shi ne ke hana mutane barci. Dokar bin kadin laifuka ta 27 ga Yulin 2005, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007, ta yi bayani dalla-dalla. In aka tsare ka a kwamisariyar 'yan sanda ko a birgad ta jandarma, wa'adin awa 48 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, wato prokire, shi ma sau biyu kawai. Dole a gaya maka abin da ake zarginka da shi, a sanar da kai cewa kana iya yin shiru kuma kana iya kiran lauya. Iyalinka da lauyanka suna da damar ganinka a lokutan aiki, kana kuma iya neman likita ya duba ka. Dokar ta ma ce mutumin da aka san mazauninsa ba a tsare shi sai a babban laifi ko in an kama shi dumu-dumu, kuma ba a soma tsare mutum ranar Asabar ko Lahadi ko ranar hutu sai a irin waɗannan laifuka. Ka lura da wannan magana ta sanannen mazauni. Shi ya sa nake matsa wa kowane sabon zuwa ya gabatar da kansa ga mai unguwa, jauro ko lawan, ya kuma karɓi takardar haya daga mai gida ko da ɗaki ɗaya ya kama. Baƙon da ba wanda zai ce "na san inda yake kwana" shi ne ke daɗewa a ciki.

Binciken gida kuma ba a soma shi tsakanin ƙarfe shida na yamma da shida na safe. In ba laifin da aka kama ana cikin aikatawa ba ne, wanda ya zo ba takardar izini sai da yardarka zai shiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sa hannu. Bayan tambayoyi za a rubuta bayaninka da Faransanci a miƙo maka biro. Mutanenmu da yawa, saboda kunya ko gaggawar a sake su, sai su dangwala yatsa a kan abin da ba su san me ya ƙunsa ba, daga baya takardar nan ce za a karanta a gaban alƙali a ce bakinsu ne. Ka ce cikin ladabi a karanta maka, a fassara maka da Hausa ko Fulatanci. A kotu ma doka ta ce a naɗa tafinta ga wanda ba ya jin Faransanci ko Ingilishi, harsunan hukuma biyu. In wa'adi ya wuce ba a kai mutum gaban prokire ba, danginsa suna iya rubuta wa shugaban babbar kotun yankin su nemi a sake shi nan take. Ba zan ce maka kowane jami'i yana bin waɗannan ƙa'idoji ba, amma wanda ya ga ka san su, kana magana a natse ba da tsawa ba, yakan sake lissafi.

A yankin Arewa Mai Nisa, wajen Mora da Kolofata da Fotokol, lamarin ya fi tsauri saboda rikicin Boko Haram. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamban 2014 ta ba da damar tsare mutum kwana 15 ana sabuntawa, kuma kotun soja ke yin shari'ar ko da farar hula ne. Mai zuwa fatauci can kada ya taka ba takarda, kada ya karɓi saƙon kaya ko kuɗi ko layin waya daga wanda bai sani ba.

Fadar lamido, wato sarki, tana da daraja ƙwarai a arewa, kuma rigimar bashi ko ta maƙwabtaka takan mutu a can cikin mutunci. Amma a idon doka, tun dokar 1977, sarakuna mataimakan hukuma ne, ba su da ikon ɗaure mutum. Akwai kuma kotunan gargajiya masu duba aure da saki da gado bisa al'adar masu ƙara. In ɗayanku ya ƙi amincewa da su tun farko, sai a mai da ƙarar kotun zamani.

Aure da aka ɗaura a masallaci ya ɗauru a addini, amma hukuma takardar ofishin magajin gari, wato meri, take nema. A can ake tambayar miji ko mace ɗaya zai tsaya a kanta ko zai ƙara, a rubuta amsar a takardar. Ku tattauna wannan a gida tun kafin ranar, domin wanda ya zaɓi ɗaya ba ya da damar ƙarawa a hukumance. 'Yan'uwa mata, ku ne kuka fi cutuwa in babu takardar nan ranar rabon gado. Haihuwa ma a rubuta ta da wuri; in wa'adi ya wuce sai an bi ta kotu, kuma yaro marar takardar haihuwa ba ya zana jarrabawar gama firamare.

Fili kuwa, shaidar mallakarsa ita ce takardar da ake kira titir fonsiye, kuma cinikin fili mai ita a gaban notar, jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, ake yin sa. Baƙo yana buƙatar amincewar ministan filaye, kuma ba a sayar masa a yankin kan iyaka. Takardar hannu da shaidu biyu ba za ta tsaya maka ba.

Ka kula da yatsanka a WhatsApp da Facebook: dokar intanet ta 2010 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga mai yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Taron jama'a a fili ana sanar da sufurefe kwana uku kafin ranar, ƙungiyar baƙi kuma sai da izinin ministan cikin gida.

In an zalunce ka, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kamaru tana da lambar kira kyauta, 1523. Ta yaƙi da cin hanci, CONAC, tata 1517 ce. Rigimar albashi ana fara kai ta wurin sufeton ƙwadago, ba a biyan ko sisi. 'Yan Najeriya suna da ofishin jakadanci a Yawunde da ƙananan ofisoshi a Duwala da Buya, duk nesa da mu, don haka ka rubuta sunanka wurin shugabannin 'yan ƙasarku na garin da ka sauka tun makon farko, ka kuma bar kwafin fasfo da na katin zama a hannun wanda zai iya kai su kwamisariya in an kira shi da dare.