Batirin da zai kai asuba: lissafin da ake yi kafin neman tallafi

Mai ɗakin sanyi ko mai sayar da ƙanƙara a Tahoua rana ba ta yi masa ƙaranci. Wahalarsa daga magariba ce zuwa hantsi. Tun da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta 2023 kowa ya san darajar batir. Sai dai batirin awa 10 ko 12 yana cinye kuɗinsa ne ranar saye, ribar kuwa sai ta yi shekaru tana ɗigowa. Wannan giɓi ne tallafi ke cikewa.

Fara da awo. Idan injinanka na jan kilowat 2 har awa 12, kana buƙatar kilowat-awa 24 kowane dare. Batirin litiyam ana zuƙe kashi 80 cikin 100 nasa, na'urar juya wuta kuma ta ci wajen kashi 10, ka ga sai ka sayi kilowat-awa 33. Batirin dalma rabi kawai ake taɓawa, shi sai 53. Ƙara pano na sola na wajen kilowat 6 don cika batirin kaɗai, ban da aikin rana. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe: batir babba, pano kaɗan, kullum ba ya cika, ya mutu da wuri.

Sannan ka raba farashin batir da jimillar wutar da zai bayar a rayuwarsa, ka kwatanta da abin da gurup, wato injin wuta, ke sha na gazuwal. Wannan lambar ce banki ke son gani.

Tallafin kansa iri-iri ne. Amurka ta yi doka a 2022 mai rage haraji har kashi 30 na kuɗin kafa ma'ajiyar wuta. Birtaniya ta sanar a 2024 cewa za ta lamunce wa masu ajiyar wuta ta tsawon sa'o'i mafi ƙarancin kuɗin shiga, in riba ta wuce iyaka su mayar da rarar. A Nijar abin ya fi zuwa ta sassaucin duwan kan kayan sola da bashin banki, kamar yadda shirin samar da wutar sola na Bankin Duniya, NESAP, ya kawo daga 2017. Ka je hukumar makamashin rana ta ƙasa, ANERSOL, a Yamai ka tambayi abin da ke buɗe yanzu, ka kuma tabbatar irin batirinka na cikin jerin kayan da aka yafe, tun kafin ka biya. In wutar gari za ka kafa, ƙofar ANPER ce, hukumar kai wuta karkara, farashin sayarwa kuma sai da ARSE, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi.

Hattara da tallafin da ke duban arhar ranar saye kawai, domin yana tura mutum ga dalma. Zafin Afrilu da Mayu a Adar, yankin Tahoua, ya wuce digiri 40, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na raba rayuwar batirin dalma biyu. Bashin shekara 5 a kan batirin da zai gaji a shekara 2, biya biyu ke nan. Nemi garanti a rubuce, mai faɗin yawan caji da zafin da aka yarda da shi. Kuɗin ɗaki mai iska da inuwa ka sa shi cikin takardar neman bashin, haka ma abin da za ka riƙa warewa kowane wata don sauya batir.