Yadda Ake Kamun Fara a Lambu da Yadda Ake Soya Ta

Daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, wato daga watan Oktoba zuwa Disamba, lambunan bakin rafin Kubanni da fadamun kogin Galma a Zariya sukan cika da fara, amma wanda bai saba ba yana iya ratsa kunya goma bai ga ko guda ɗaya ba, alhali suna nan maƙale a gabansa. Saboda haka aikin farko ga mai son kamun fara shi ne ya koya wa idonsa gani, domin Allah ya yi wa wannan ƙwaro suturar da ta saje da wurin zamansa. Lokacin da ciyawa take ɗanya za ka tarar yawancinsu kore ne, idan kaka ta yi kuma kara ya bushe sai masu ruwan ƙasa su yawaita, har ma a wurin da aka ƙone daji akan sami masu duhun jiki kamar toka. Akwai wata mai dogon kai da siririn jiki wadda take miƙewa a jikin ciyawa, ba ka rarrabe ta da ganyen sai ta motsa. Kada ka nemi launi, ka nemi siffa: lanƙwasar ƙafar baya, da ƙahonni biyu na gaba, da ganyen da aka gatsa gefensa kwanan nan.

Wannan ɓuya ita ce kuma take nuna maka abin da za ka bari. Farar da take ɓoye kanta tana yin haka ne domin tsuntsu da ƙadangare suna son namanta, ita kuwa farar tumfafiya, wadda take zama a fili da adonta na rawaya da baƙi ba ta gudun kowa, ta tara dafin tumfafiyar da take ci a jikinta, shi ya sa tun kakanni ba a cin ta. Duk wadda ka gani mai launi ƙyal-ƙyal, ko mai wari idan an taɓa ta, ka ƙyale ta. Ka kuma bar ƙoƙi-ƙoƙi a inda ka same shi, domin shi ma ya saje da ganye ne yana dakon ƙwarin da suke yi maka ɓarna, don haka ma'aikacinka ne wanda ba ka biya.

Lokacin kamu shi ne da asuba kafin rana ta ɗaga, ko da dare da tocila. Jikin fara yana bin yanayin da take ciki, idan sanyi ya kama ta ba ta da kuzarin tashi, sai ka tsince ta da hannu kamar mai tsinkar barkono, kana zubawa a buhun da iska take shiga. Da rana tsaka wahala kawai za ka sha. Amma kafin ka shiga kowane lambu, ka tambayi mai shi ranar da ya yi feshi na ƙarshe, kuma a nan nake roƙon kada a yi sakaci, domin masu noman tumatir da kabeji suna yawan fesa maganin ƙwari, farar da ta ci wannan ganye kuwa wuta ba ta raba ta da guba. Wadda ka tarar a mace ko tana magagi a ƙasa da rana, kada ta shiga buhunka.

Ta fuskar addini babu damuwa, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ce sun yi yaƙi bakwai tare da Manzon Allah (SAW) suna cin fara. Sai dai a mazhabar Malikiyya da muke bi, ana so ta mutu ta dalilin aikin mutum, da niyya da bisimilla, kamar cire kai ko tsomawa a ruwan zafi. Ba mu kaɗai ba ne kuma a wannan ci, rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin biliyan 2 suna cin ƙwari, nau'i fiye da 1,900.

Idan ka iso gida, ka bar su a buhun su kwana domin cikinsu ya zube. Washegari a tafasa ruwa da gishiri, a yi bisimilla a juye su ciki, su dahu har launinsu ya koma ja-ja, sannan a tsame a tsane. Daga nan sai a zauna a cire fukafukai da ƙafafun baya, kuma wannan ba aikin gaggawa ba ne, domin ƙayoyin da ke jikin ƙafar ba sa narkewa a ciki, suna iya wahalar da hanji, musamman na yara. Wanda yake so yana iya jan kan a hankali, hanjin zai biyo shi. A shanya a faranti ko tabarma mai tsabta, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, har su bushe ƙamas.

Suyar ba ta son mai da yawa. Man gyaɗa kaɗan ya isa, da albasa, a kan wuta matsakaiciya, ana juyawa har ta yi ƙaras-ƙaras, a sauke a barbaɗa yajin ƙuli mai citta da barkono, a matsa lemon tsami tun tana da zafi. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ya yi hattara, domin fara tana iya tayar masa da irin wannan ƙaiƙayi da kumburi, kuma yaron da bai taɓa ci ba a fara ba shi biyu ko uku a ga yadda zai kwana. Busasshiyar da ba a soya ba a zuba ta a kwalba ko roba mai murfi, a ajiye inda babu laima, ana ɗiba ana soyawa har bazara.