Babi na 6: Yanar Ido da Yadda Ake Ɗiga Magani

Darasi na 1: Madubin ido

Baba, Inna, ku dubi idon wanda ke zaune kusa da ku. Ga fari, ga baƙi a tsakiya. A bayan baƙin nan, can ciki, akwai wani ɗan abu garau, faɗinsa kusan santimita 1. Shi ne madubin ido. Yana tattara haske ya aika da shi ƙarshen ido, sai mu gani. A ƙuruciya yana da laushi, amma daga wajen shekara 40 sai ya fara tauri. Shi ya sa wasunku ke miƙa littafin nan nesa kafin su gane haruffa. Wannan tabarau ne maganinsa.

Yana kuwa ita ce madubin ya dusashe. Ba fata ce ta rufe ido daga waje ba, daga ciki take. Mutum sai ya riƙa gani dishi-dishi kamar cikin hazon hunturu, ba zafi ba ciwo. Tsufa ke kawo ta galibi, sai ciwon suga, bugun ido, da shan taba. Akwai jaririn da ake haifa da ita. Kun ga fari a tsakiyar idon jariri, asibiti a ranar. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 43 cikin 100 na makafi 'yan shekara 40 zuwa sama, yana ce ta makantar da su.

Ba maganin ɗigawa da ke wanke yana. Aiki ake yi: a kashe wajen, a cire madubin da ya dusashe, a sa na roba. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna tura yana da tsinke, kada ku ba su idonku.

Darasi na 2: Ɗiga magani bayan aiki

Nan ne ake ɓata aikin likita, don haka mu bi a hankali.

Wanke hannu da sabulu. Buɗe kwalba. Kada bakin kwalbar ya taɓa komai.

Ɗaga kai sama. Ja fatar ido ta ƙasa da yatsa ɗaya. Riƙe kwalbar sama da ido, da ɗan rata. Bakin kwalba ba ya taɓa ido, ba ya taɓa gashin ido, ba ya taɓa yatsa.

Matsa ɗigo ɗaya. Rufe ido minti 2, ban da murzawa. Rufe kwalba, nan ma yatsa ba ya taɓa bakinta.

Hannu yana rawa? Ba komai, Inna, kowa haka ya fara. Kwanta rigingine, jika ya ɗiga miki, amma shi ma ya wanke hannu, shi ma kada ya taɓa bakin kwalba. In ɗigon ya sauka a kumatu, sake wani.

Na ga masu goge bakin kwalba da gefen zani wai don tsabta. Haba jama'a! Zanin da aka shiga kasuwar Wunti da shi? Datti kuka ɗauka kuka kai wa idon da aka yi wa aiki jiya. Ku faɗa da ƙarfi: bakin kwalba ba ya taɓa komai. Ku sake faɗa.

Darasi na 3: Lokaci

In an rubuta 4, sau huɗu ke nan a rana. Ku haɗa da salla: Asuba, Azahar, Magariba, sai lokacin kwanciya. Ja layi ɗaya a takarda duk ɗigawa. In kwalba biyu ce, a bar minti 5 tsakani.

Darasi na 4: Abin kiyayewa

Ban da kwalli, hayaƙin murhu, ƙura, da ɗaukar kaya mai nauyi. Zancen alwala da sujada, ku tambayi likita kafin a sallame ku. Ido ya yi ja da zafi, ko gani ya ragu, a koma asibiti nan take.